Darasin wuta a shagon matsafan zamani na Glastonbury: malamar ta iya, kayan ne da gyara

Darasin ya ci kuɗinsa. Akwatin kayan da ake tallata wa mutum bayan an tashi kuwa bai ci rabin nasa ba, kuma akwai abubuwa a cikinsa da za su iya ƙona gida. Hukuncina ke nan a kan wani shago da ke babban titin garin Glastonbury, a yankin Somaset na Ingila, inda ake koyar da abin da matsafan zamani ke kira aiki da ƙarfin wuta. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai suka a maganata, kuma ba na so in taɓa wa kowa hanyar abincinsa.

Sana'a ce ta kai ni. Ina haɗa kyandir da kakin zuma a gida, ina kaiwa kasuwannin ƙarshen mako a Bristol. A 'yan shekarun nan sai na fara ganin wasu masu saye da buƙatarsu ta bambanta da ta kowa. Mace za ta tsallake manyan kyandirori masu ƙamshi, ta ce ita ƙanana take so, sirara kamar yatsa, ja ko kore ko baƙi, waɗanda za su cinye a zama ɗaya. Wata har ta tambaye ni ko lokacin da wata ke ƙaruwa na zuba su ko lokacin da yake raguwa. Maƙwabciyar teburina ce ta warware mini, ta ce ai na tsafi suke nema. Ni Musulma ce, ba na yi kuma ba zan yi ba, amma abin da hannuna ya ƙera ina so in san inda yake zuwa da abin da ake yi da shi. Kafin in biya fam 45 na darasin sai da na faɗa wa malamar gaskiya, cewa kallo da saurare na zo yi, ba zan shiga da'irarsu ba, ba kuma zan furta komai ba. Ba ta ɓata rai ba. Ta ajiye mini kujera kusa da taga, ta ce duk lokacin da na ga dama in fita.

Ga wanda bai san mutanen nan ba, ba wasu ɓoyayyu ba ne. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales kimanin mutum 74,000 sun rubuta cewa su Fegan ne, wato masu farfaɗo da bautar gargajiyar Turai, wasu kimanin 13,000 kuma sun ce su mabiya Wika ne. Wika ita ce reshen da ya fi shahara, kuma ba tsohuwa ba ce. Gerald Gardner, wani tsohon ma'aikacin gwamnatin Ingila a ƙasar Malaya, shi ya fito da ita fili bayan an soke dokar hana tsafi ta 1735 a shekarar 1951, ya buga littafinsa a 1954, sannan Doreen Valiente ta gyara masa yawancin kalmomin ibadar. Glastonbury ta zama matattararsu. A titi ɗaya za ka wuce shagon duwatsu masu ƙyalli, da na turare, da na katin duba, ga tsaunin Tor da hasumiyarsa suna kallon garin daga sama.

Malamar dattijuwa ce, ta ce aikin jinya ta yi har ta yi ritaya, kuma an ga alama. Ɗakin yana saman shagon, mu goma sha wani abu, yawanci mata. Kafin a taɓa ashana ta nuna mana ƙofar gudu, da bargon kashe wuta a jikin bango, da bokitin yashi a ƙarƙashin tebur. Ta sa masu dogon gashi su ɗaure, ta sa wata yarinya ta naɗe hannun rigarta mai faɗi. Sannan ta ɗauki rabin awa cur tana maganar gobara kaɗai. A datse lagwani kada ya wuce milimita 6. A bar tazarar santimita 10 tsakanin kyandir da ɗan'uwansa. Kada a kusanta shi da labule, ko a ajiye shi ƙarƙashin kanta. In narkakken kaki ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin ruwan zai tafasa nan take ya fantsama kakin da wutarsa a fuskar mutum. Rufe shi ake yi a hana shi iska. Ta ce gefen harshen kyandir da ya fi zafi yana kaiwa kusan digiri 1,400, alhali kakin zuma a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, don haka wanda ya raina ɗan harshen nan bai san abin da ke gabansa ba. Duk abin da ta faɗa daidai ne, ban sami inda zan gyara mata ba, kuma na sha ganin masu sana'ata da ba su kai ta kula ba.

Daga nan ta shiga aƙidarsu. A wurinsu duniya ginshiƙi huɗu gare ta, ƙasa da iska da wuta da ruwa, kowanne da kusurwarsa. Wuta ta kudu ce. Launinta ja, lokacinta tsakar rana, kakarta lokacin zafi, kuma a jikin mutum ita ce himma da ƙarfin zuciya da sha'awa da fushi. Burujinta uku, Rago da Zaki da Baka. Kayan ƙamshinta masu yaji ne, kirfa, citta, kanumfari, barkono. Ta ce 'yan'uwansu na Ostareliya da yawa suna mayar da wuta arewa, tunda a can ta arewa rana ke bi. Akwai ma saɓani a tsakaninsu kan wane makami ne na wuta. Ƙungiyar matsafa ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888 ta ba wuta sanda, ta ba iska wuƙa. Yawancin magadan Gardner kuma sun juya abin, suka ce wuƙa ce ta wuta tunda a maƙera aka haife ta. Malamar tana tare da masu wuƙa, amma ta ce kowa ya riƙe abin da ya zauna masa.

Inda ta burge ni shi ne da wata ɗaliba ta ce ai duk wannan gadon kakanninsu ne na shekaru dubbai. Malamar ta girgiza kai. Ta ce rabon duniya gida huɗu tunanin Empedocles ne, wani masanin Girka da ya rayu a tsibirin Sisili a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle kuma shi ya siffanta wuta da zafi da bushewa. Ta ce wutar bikin Beltane ta farkon watan Mayu tsohuwa ce da gaske, domin rubutun Ayaland na wajen shekara ta 900 ya ambaci yadda ake kora shanu tsakanin wuta biyu don kare su daga cuta. Amma babban bikin wutar da ake yi a tudun Calton na Edinbura kowace 30 ga Afrilu, a 1988 aka fara shi. Ta tura mu ga rubuce-rubucen Ronald Hutton, masanin tarihi na Jami'ar Bristol, wanda ya bi sawun Wika ya nuna cewa a ƙarni na 20 aka haɗa ta daga guntayen abubuwa tsofaffi da sababbi. Mai sayar da kaya ce take rage wa kayanta shekaru a gaban masu saye, ba don komai ba sai don haka abin yake. Ba kullum ake samun irin wannan ba.

A nan na sa baki, domin an shigo fagena. Na ce tsafin kyandir mai launi ba zai yiwu ya tsufa ba, saboda kyandir mai launi mai araha kansa bai tsufa ba. Talakan Turai da kitsen dabba yake haskaka ɗakinsa, mai hayaƙi da wari, kakin zuma kuwa na coci ne da gidajen masu hali. Sai a shekarun 1850 kakin farafin ya shigo kasuwa, rini na sinadari kuma ya biyo baya daga 1856. Kafin nan wa zai sami jan kyandir na soyayya da kore na kuɗi ya ƙona a banza? Ta ce haka ne, ta ƙara da abin da ban sani ba, cewa yawancin wannan tsarin launi daga Amurka ya zo, daga al'adar tsafi ta baƙaƙen fata da ake kira hoodoo, aka buga shi a ƙananan littattafai a shekarun 1940, sannan Raymond Buckland ya yaɗa shi cikin Wika da littafinsa na 1970.

Bayan an sha shayi aka shiga aikin. Ta zagaya ɗakin ta shata da'ira, ta fuskanci kudu ta kira masu tsaron wuta. Kowace ɗaliba aka ba ta jan kyandir da allura, ta zana kalma ɗaya tak a jikinsa, abin da take nema. Aka shafa masa ɗigon mai daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa, aka kafa, aka kunna, aka yi tsit ana kallon harshen. Shirun ya yi tsawo. Daga baya kowa ta rubuta abin da take so ta rabu da shi a guntuwar takarda, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna jefawa cikin tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, sauran suna amsawa da kalmar da ke nufin haka ya tabbata. Wata mata da ta manyanta ta daɗe tsaye da takardarta a hannu kafin ta saki, da ta koma wurinta kuma ta yi ta kuka, ta kusa da ita ta riƙe mata hannu. Ban san abin da ta rubuta ba. Wata budurwa kuma ta tambaya yadda za ta sa wani saurayi takamaimai ya dawo mata, malamar ta ƙi. Ta ce dokarsu ita ce kada a cuci kowa, tanƙwara zuciyar wani ba da yardarsa ba kuwa cuta ce, kuma sun yi imani abin da ka aika yana dawo maka ninki uku.

Ni dai ban ga wani ƙarfi ya fita daga kyandir ba. Na ga mutane sun ajiye waya, an tilasta musu su tace damuwarsu har ta koma kalma ɗaya, sun zauna shiru da ita a gaban haske, sannan sun ga abin da ke cin su ya zama toka a idonsu. Wannan yana taɓa zuciya, ba sai an nemo masa wani sirri ba. A imanina wuta halitta ce kamar ni, ba ta ji ba ta bayarwa, roƙo kuma Allah kaɗai ake yi wa. Amma ƙarya ne in ce mugaye na tarar a ɗakin nan. Mutane ne masu nauyi a ƙirji suna neman inda za su sauke.

Saɓanina da malamar a kan karatun harshen wuta ne. Tana koyar da cewa dogon harshe alamar buƙata ta karɓu ce, mai rawa yana nuna akwai masu adawa, baƙin hayaƙi cikas ne, kakin da ya zubo gefe ɗaya kuma hawaye ne. To ni kullum da waɗannan alamu nake kwana nake tashi, kuma kowacce na san uwarta. Harshe yana tsawo in lagwani ya fi ƙarfin kaurin kyandir. Yana rawa in iska na shigowa, kuma tagar da ke bayana a buɗe take. Baƙin hayaƙi yana zuwa in lagwani ya yi tsawo ya jawo kakin da ya fi abin da iska za ta iya ƙonawa. Zuba gefe ɗaya kuwa, ko kyandir ya karkace ko lagwanin bai zauna a tsakiya ba. Na faɗa mata haka bayan an tashi. Ta ce ta yarda, shi ya sa take cewa a fara duba taga da lagwani kafin a nemi ma'ana. Amsar ba ta gamsar da ni ba, domin na ga fuskar yarinyar da kyandirinta ya yi hayaƙi, ta koma gida da tsoron wani maƙiyi, alhali laifin masana'anta ne.

Akwai kuma wata aƙida da ta fi wannan haɗari, kuma a nan malamar ta tsaya daidai. Da yawansu sun ɗauka in an kunna kyandir don wata buƙata, dole a bar shi ya cinye da kansa, in an kashe aiki ya ɓaci. Da wannan tunanin ne mutum zai bar dogon kyandirin kwalba na kwana bakwai yana ci ya tafi aiki, ko ya kwanta barci. Ta ce kada wanda ya yi haka da sunanta. A kashe, in an dawo a sake kunnawa, niyya ba ta gudu. Sun fi son a kashe da ɗan murfin ƙarfe maimakon hurawa, wai hurawa raini ne ga wuta. Dalilina daban ne, hurawa tana watsa narkakken kaki da tartsatsi, amma mun haɗu a wuri ɗaya.

Sai akwatin. Fam 38 ne a lokacin, an jera shi a bakin matakala yadda ba mai sauka bai gan shi ba. Na saya don in duba shi da idon sana'a. Abin da ya fi kyau a ciki shi ne ƙaramar tukunyar baƙin ƙarfe mai murfi. Tana da nauyi, ƙafafunta sun zauna daram, murfin ya rufe ruf, wanda shi ne abin da ake so in takarda ta kama fiye da yadda aka zata. Sai dai ba a rubuta ko'ina ba cewa ƙafafun suna ɗaukar zafi har su ƙona katako, kuma ba a haɗo da abin ɗorawa ba.

Kyandirori goma sha biyun kuwa sun ba ni haushi. An rubuta a takarda cewa na kaki ne na asali, maganar da ba ta nufin komai. Na karya ɗaya, farin farafin ne a ciki, an tsoma shi a jan rini daga waje kawai. Ba laifi ba ne a sayar da farafin, laifin a ɓoye ne. Lagwanin ya yi musu kauri, ga shi a wasu ya kauce daga tsakiya, shi ya sa suke hayaƙi suna zuba. Ƙa'idar da muke bi a sana'ar nan ta ce harshen kyandir irin wannan kada ya wuce milimita 75, na auna ɗaya da ruler ya tsallake. Babu mazaunin da za a kafa su, kenan mai saye zai ɗiga kaki a faranti ya manna, abin da ke sa kyandir faɗuwa in ya yi laushi. Mafi muni, guda uku an birkiɗa su cikin busasshen ganye da garin kirfa. Suna da kyau a hoto. Amma kowane ɓarɓashin ganye lagwani ne na biyu, da harshe ya iso gare shi jikin kyandir duka zai kama. Na kunna ɗaya a cikin tiren yashi a bayan gida, haka kuwa aka yi, kafin ya kai rabi ya zama tocila. Kuma babu ko alamar gargaɗi ɗaya a jikin kwalin, irin 'yan hotunan nan da kowane mai kyandir a ƙasar nan ya san ana mannawa.

Akwai faifan gawayi mai kama da kansa, na ƙona ƙaro. Irin wannan gawayi ana haɗa shi da sinadarin da ake sa wa albarushi, shi ya sa yake tartsatsi in an kusanta masa ashana. Yana bukatar awartaki da yashi a ƙarƙashinsa, ba a sa ko ɗaya ba, ba a kuma ce a buɗe taga ba, alhali gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi. Lubban ɗin da aka haɗo da shi mai kyau ne, wannan kam na yaba.

Ɗan littafin da ke ciki shi ya fi tayar mini da hankali. Shafin farko ya ce sirrin tsoffin Seltawa ne, mutanen dā na Birtaniya da Ayaland, aka gada baki da baki, abin da malamar ta gama rushewa a saman bene awa ɗaya da ta wuce. A tsakiyarsa kuma akwai bayanin yadda ake kunna wutar tukunya da gishirin Epsom da sifirit, a cikin ɗaki, ba tare da kalmar gargaɗi ba. Harshen sifirit da rana kusan ba a ganinsa. Mutum zai zaci ta mutu, ya ɗauko kwalba ya ƙara, wutar ta bi zubin ta shiga kwalbar da ke hannunsa. Wannan shafin bai kamata ya isa hannun yarinya 'yar shekara goma sha shida da ta ga abin a TikTok ba, kuma irinsu na gani suna juya akwatin a shagon.

Na koma na nuna wa mai shagon kyandirin da na karya da shafin sifirit ɗin. Ya saurare ni da ladabi, ya ce daga wani dillali suke sarowa, ba su suke haɗawa ba, ya kuma yi tayin mayar mini da kuɗina. Ban karɓa ba, tunda na riga na ƙona kayan. Na ce abin da nake so shi ne a cire shafin nan, a bar malamar ta rubuta musu takardar gargaɗi a saka a kowane kwali. Ya ce zai yi magana da ita. Da na leƙa shafinsu na intanet daga baya, akwatin yana nan yadda yake.

Game da sana'ata, na yanke wa kaina hukunci. Ba zan zuba kyandir da lissafin wata ba, ba zan rubuta masa sunan wata buƙata ba, ba zan kuma birkiɗa shi a ganye ba ko nawa za a biya. Kyandir na haske da ƙamshi nake yi, haka zan ci gaba. Amma yanzu duk wanda ya sayi ƙananan nan ina haɗa masa da mazaunin ƙarfe da ɗan kati mai layi huɗu, na farkonsu shi ne kada ka bar shi yana ci ka fita daga ɗaki.

Ɗalibin nazarin addinai, ko ɗan jarida, ko mai sana'a irina da ke son sanin masu sayen kayansa, zai ƙaru da darasin, in dai ya faɗi matsayinsa tun farko kamar yadda na yi. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da zama a ɗakin da ake kiran wanin Allah ba, ya tsaya ga littattafan tarihin, zai sami yawancin abin da na samu. Mai ciwon asma ya sani cewa ɗakin ƙarami ne kuma hayaƙin turare yana taruwa sosai a rabi na biyu. Matakalar tana da tsayi da ƙunci, babu hanyar keken guragu. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa, don haka daga Bristol bas ake hawa ta garin Wells, a kuma duba lokacin bas na dawowa kafin a shiga, domin darasin yakan zarce lokacin da aka rubuta.